Buga labarin wasan gamayya a mujalla: amsa ga mai shirin fara mujallar wasan tebur

Tambayar da ɗan'uwa ya yi ita ce, yana shirin fitar da wata 'yar mujalla ta wasannin kan tebur irin su Dungeons & Dragons da Pathfinder, kuma yana so a kowace fitowa ya riƙa saka labarin kasada guda ɗaya wanda za a iya bugawa a wasan gamayya, wato irin tsarin nan da mutum zai ɗauki jaruminsa, wanda yake taka rawarsa a cikin labarin, daga wannan tebur ya kai shi wancan tebur a wani gari kuma a karɓe shi da matakinsa da kayansa. Yana tambaya shin hakan zai yiwu, kuma ta ina zai fara.

Toh ɗan'uwa, zai yiwu, an taɓa yi, amma ba yadda kake hasashe ba. Na daɗe ina jan wasa a tebura na gamayya, wato ni ne mai karanta labarin in gudanar wa 'yan wasa da shi in kuma yanke hukunci, na kuma yi aikin tace irin waɗannan labarai kafin a fitar da su, kuma abin da na gani shi ne mujalla da wasan gamayya kowanne akwai inda yake jan labari, kuma jan nasu ba waje ɗaya yake fuskanta ba. Idan ka gane inda suka saba tun yanzu za ka huta da asarar takarda da ɓacin ran masu karatu.

Bari na fara da maganar izini don ita ce take kashe yawancin irin wannan shiri tun kafin ya tashi. Kowane wasan gamayya yana da masu shi. Adventurers League, wasan gamayyar Dungeons & Dragons da aka fara a 2014, na kamfanin Wizards of the Coast ne, Pathfinder Society da aka fara a 2008 na Paizo ne. Kai ba ka da ikon rubuta labari ka manna masa cewa ya halatta a tsarinsu, ko da labarin ya fi nasu kyau sau goma. Ɗan wasan da ya buga labarinka ya tafi da takobin sihirin da ka ba shi zuwa teburin wani, mai jan wasan can zai duba ya ga ba ya cikin jerin da aka amince da su, sai ya ce ajiye, kuma yana da gaskiya. Mutane suna rikita wannan da maganar lasisi. Eh, akwai lasisin OGL na Wizards tun 2000, kuma a 2023 Wizards sun saki kundin dokokinsu na SRD 5.1 a ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisin Creative Commons, Paizo ma sun fito da lasisin ORC a wannan shekarar. Duk waɗannan abin da suka ba ka shi ne damar amfani da dokokin wasa a rubutunka ka sayar. Ba su ba ka sunayen garuruwan Forgotten Realms ko Golarion, wato ƙirƙirarrun duniyoyin wasan Wizards da na Paizo, ba, balle su ba ka hatimin wasan gamayya. Hanyar da Wizards suka buɗe wa marubutan waje su taɓa duniyarsu ita ce DMs Guild, wani shagon intanet da aka buɗe tun 2016, inda marubuci yake samun rabin kuɗin ciniki, amma sharaɗin wurin shi ne abin da ka saka a can, a can kaɗai za a sayar da shi, kaga kenan ba za ka ɗauko shi ka sake bugawa a mujallarka ba. Dan Allah ka karanta yarjejeniyar da idonka kafin ka yi wa kowa alkawari.

Saboda haka hanya biyu ce a gabanka. Ko dai ka nemi masu wani tsari su amince da labarinka a rubuce, wanda ya fi sauƙi da ƙananan kamfanoni masu neman a san wasansu, ko kuma mujallar taka ta kafa nata wasan gamayyar da kanta, da dokokinta da takardun shaidarta. Ta biyun ta fi daɗi a baki amma nauyi ne babba, zan dawo kanta.

Yanzu ga asalin matsalar. Labarin wasan gamayya sirri ne har zuwa ranar da aka zauna a tebur. A tsarin da aka saba, mai shirya taro ko mai jan wasa ne yake karɓar labarin, 'yan wasa ba su ganshi ba, kuma a tsari irin na Pathfinder Society galibi mutum sau ɗaya zai buga labari a ba shi lada, sai 'yan kaɗan da aka ware aka ce ana iya maimaitawa. Ita kuwa mujalla kowa ne yake saye, kuma a kowane tebur mai jan wasa ɗaya ne, 'yan wasa huɗu ko biyar ko shida, kenan mafi yawan masu riƙe da mujallar taka su ne waɗanda bai kamata su karanta labarin ba. TSR, kamfanin da ya fara fitar da Dungeons & Dragons, sun san da wannan tun da daɗewa. Mujallar Dragon da suka fara a 1976 ta kowa ce, amma da suka ga labaran kasada suna buƙatar gidansu sai suka fito da Dungeon a 1986, wadda masu jan wasa aka nufa da ita. Ba wai hakan ya hana 'yan wasa leƙawa ba, amma aƙalla wanda ya saya ya san abin da ya saya.

Ni a ganina ba za ka iya hana leƙe ba, don haka ka rubuta labarin da leƙe ba zai rusa shi ba. Idan duk daɗin labarin ya ta'allaƙa ne a kan cewa waziri ne maci amana, wanda ya karanta shafi ɗaya ya gama da shi. Amma idan labarin ya tsaya a kan zaɓi mai wuya, misali jaruman suna da lokacin ceto ko dai ayarin fatake ko gadar da garin ya dogara da ita amma ba duka biyu ba, to ko mutum ya karanta sai ya zauna ya yi gardama da abokan teburinsa, kuma gardamar ita ce wasan. Wata dabarar da nake so ita ce ka ba mai jan wasa mutum uku da kowannensu zai iya zama mai laifin, ya jefa dayis kafin a fara ya zaɓi ɗaya, alamomin da za a samu su canza daidai da wanda ya faɗo. Yana cin kalmomi, gaskiya, amma yana ceton labarin.

Sai maganar lokaci, kuma nan ne na fi ganin sababbin marubuta suna faɗuwa. Labarin mujalla na gida ba ruwansa da agogo, in an gaji a tashi a dawo mako mai zuwa. Na gamayya kuwa an yanka masa awa, yawanci awa huɗu, wasu awa biyu, domin a manyan taruka irin Gen Con da ake yi a Indiyanafolis ko Origins a Kolumbus tebur yana da masu jiransa, lokaci na cika za a tashe ku. A cikin awa huɗun nan ka cire kusan minti ashirin na zama da gaisawa da duba takardun jarumai, don mutanen nan yawanci ba su san juna ba, ka cire wani minti ashirin a ƙarshe na cike takardu, ka cire ɗan hutu. Abin da ya rage bai fi awa uku da 'yan mintuna ba. Faɗa ɗaya da mutum shida a tebur yana iya cin minti arba'in zuwa awa guda, musamman idan matakin jaruman ya yi sama kowa yana da dabaru goma da zai zaɓa. Kaga faɗa uku ya cinye maka kusan komai, in kana son a yi hira da mutanen gari ko a warware wani ƙulli sai ka rage zuwa biyu. Akwai wani labari da na taɓa tacewa, a takarda ya yi kyau matuƙa, muka gwada shi da 'yan wasan da suka saba da juna suka gama cikin lokaci, da aka kai shi taro kuwa yawancin tebura ba su kai ga babban dodon ƙarshe ba, mutane suka tashi ba su ga abin da aka gina labarin dominsa ba. Abin ya dame ni ƙwarai domin laifin namu ne, da waɗanda suka san juna muka gwada. Tun daga nan ba na sakin labari sai an gwada shi da baƙin juna, da agogo a kan tebur, kuma da mai jan wasan da ba shi ya rubuta ba, marubucin ya zauna a gefe ya yi shiru ko da ana kuskure. Kuma a cikin rubutun ka nuna wa mai jan wasa ƙarara cewa in lokaci ya ƙure ga sashen da zai tsallake ba tare da labarin ya karye ba.

Abu na gaba, ba ka san su wa za su zauna ba. A gida mai jan wasa ya san jaruman mutanensa kamar tafin hannunsa. A gamayya zai iya samun mayaƙa biyar babu mai warkarwa ko ɗaya, ko mutum uku kacal, ko bakwai. Shi ya sa Adventurers League suka kasa matakai gida huɗu, 1 zuwa 4, 5 zuwa 10, 11 zuwa 16, 17 zuwa 20, kuma kowane faɗa yana zuwa da bayanin abin da za a ƙara ko a rage idan tebur ya yi rauni ko ya yi ƙarfi. A zamanin Living Greyhawk, wani tsohon wasan gamayya na Dungeons & Dragons, abin ya fi haka yawa, labari ɗaya sai ka ga an rubuta jadawalin ƙarfin abokan gaba daban daban don matsakaicin mataki 2, da 4, da 6, da 8, har sama, sai bayan labarin ya cika da shafuka na lambobi zalla. A fayil ɗin kwamfuta wannan ba komai ba ne, shafi ba ya cin kuɗi. A mujalla kuwa kowane shafi akwai wanda ya biya shi kuma akwai rubutun wani da aka cire don ya samu wuri. Shawarata ka tsaya a rukuni ɗaya, kuma na ƙasa ya fi, domin a nan sababbin 'yan wasa suke kuma jadawalin dodannin gajere ne, sannan gyaran ƙarfi ka yi shi a layi biyu, cire ɗan fashi ɗaya, ƙara wa shugabansu jini kaza, shikenan. Kuma kada ka taɓa kulle hanyar labari da abu ɗaya tak, irin ƙofar da sai mai iya buɗe makulli, domin ranar da babu shi a tebur wasa ya tsaya.

Toh ga abin da na fi son ka riƙe. Ka raba labarin da takardun gamayya. Abin da zai shiga mujalla ya zama cikakken labari wanda duk wanda ya saya zai iya bugawa a gidansa ko bai taɓa jin sunan wasan gamayya ba. Sannan duk abin da ya shafi tsari, wato nawa ne ladan zinariya, wane kayan sihiri aka yarda a tafi da shi, maki nawa, wane mataki ne zai iya shiga, daga yaushe zuwa yaushe labarin yake aiki, duk wannan ka saka shi a takarda daban da za a sauke a intanet kyauta, a mujallar layi ɗaya ya isa ya nuna inda take. Haka Paizo suke yi da littattafansu na kasada da ba don Pathfinder Society aka rubuta su ba tun asali, littafin yana nan yadda yake, sai su fitar da wata takarda daban mai bayanin yadda za a buga shi a tsarin tare da takardar sakamakon da za a ba ɗan wasa. Dalilin a fili yake. Dokokin gamayya suna canzawa, wani lokaci duk shekara, a 2018 ma Adventurers League sun sauya yadda ake samun mataki da dukiya gaba ɗaya, daga baya suka sake sauyawa. Abin da aka buga a takarda kuwa ya bugu. Idan ka yi kuskure ka ba jarumin mataki na 2 wani zobe da ya fi ƙarfin matakinsa, a teburin gida matsalar mutum biyar ce, a gamayya kuwa zoben nan zai bazu zuwa kowane tebur da aka buga labarin, masu jan wasan da ba su san hawa ba su san sauka ba su ne za su sha wahalarsa. In a takardar intanet yake, dare ɗaya ka gyara. In a shafi na 34 yake, sai dai ka bi mutane da ban haƙuri har shekaru.

Akwai kuma jinkirin bugu. Daga ranar da marubuci ya miƙa labari zuwa ranar da mujalla za ta isa hannun mai karatu watanni ne, ga tacewa, ga zanen taswira, ga hotuna, ga tsara shafi, ga maɗaba'a, ga aikawa. Wasan gamayya kuma yana tafiya ne zango zango, kuma abin da yake sa mutane su ƙaunace shi shi ne ana tattara sakamakon tebura a gina labarin gaba a kai. A Pathfinder Society mai jan wasa yakan yi alama a wasu 'yan akwatuna lokacin kai rahoto don nuna abin da teburinsa ya zaɓa. Idan labarinka yana cikin irin wannan sarƙa, kafin mujalla ta fito an wuce wurin, sarkin da ake ƙoƙarin ceto a shafinka an riga an binne shi a labarin da ya biyo baya. Don haka labarin mujalla ya zama na gefe, mai tsayuwa da ƙafarsa, wanda ko yaushe aka buga shi zai zauna daidai. Ba a fafe gora ranar tafiya, in kana son fitowar ta dace da wani taro ka fara lissafi daga ranar taron ka koma baya aƙalla wata shida.

Living Greyhawk da na ambata, wadda ta gudana daga 2000 zuwa 2008 a ƙarƙashin RPGA, ƙungiyar da take shirya wasannin gamayyar Dungeons & Dragons a lokacin, ta ƙara wani abu da yake nuna sabanin sosai. Sun raba duniyar gaske suka haɗa ta da ƙasashen cikin wasa, jihar Ohayo ita ce Veluna, Birtaniya Onnwal, Ostireliya da Niyu Zilan Perrenland, kuma labarin yanki sai a cikin yankin ake buga shi, in kana so sai ka yi tattaki. Mujalla kuwa ba ta san iyaka ba, duk inda aka aika ta za ta je. Shi ya sa abin da mujallunsu suka fi ɗauka, wato Polyhedron da ta fara a 1981 da kuma Living Greyhawk Journal, shi ne bayanin garuruwa da ƙungiyoyi da dodanni da labarin abin da ke faruwa a tsarin, su kuwa labaran da ake bugawa don lada ta hannun masu shirya taro suke bi. Wannan ma hanya ce da za ka duba, kuma mai arha ce, mujallarka ta zama inda ake sanin duniyar wasan.

Amma duk da matsalolin nan da na jero, ina goyon bayan a buga a mujalla, kuma da zuciya ɗaya. Labaran Living Greyhawk masu ɗimbin yawa da masu sa kai suka kwana suna rubutawa, yawancinsu ba a taɓa sayar da su a kasuwa ba, da tsarin ya rufe sai suka koma abin da ake ba da labari a baki. Ka kwatanta da labaran gasar farko da TSR suka ɗauka suka buga. Tomb of Horrors don taron Origins na 1975 aka rubuta shi, aka buga shi a takarda a 1978, har yau ana bugawa a tebura. The Hidden Shrine of Tamoachan an fara shi a gasar Origins ta 1979, ya fito a 1980 har da tsarin ba da makin gasar a ciki. Labaran A1 zuwa A4 na masu cinikin bayi daga gasar Gen Con ta 1980 suka fito, kuma da za a kai su maɗaba'a sai aka faɗaɗa su, aka ƙara sassan da ba a buga a gasa ba don masu wasa a gida. Kaga tsarin kenan da ya fi aiki tun farko, a fara bugawa a taro, a ga inda ya yi tsami, a gyara, sannan a kai maɗaba'a. A lokacin sirrin ya riga ya yi amfaninsa, kuma abin da zai shiga takarda ya bi ta tebura da dama. Ni da zan fara mujalla yau haka zan yi, na nemi labaran da suka riga suka sha gwaji a taruka, na nemi izinin marubutansu da masu tsarin, na ba su gida na dindindin.

A nan ne maganar haƙƙin mallaka take shigowa, kuma kada kunya ta hana ka yinta. Kafin ka karɓi labari ka tambayi marubucin wa ya fara ba wa, kuma me ya sa wa hannu, domin da yawa sun miƙa duk haƙƙinsu ga kamfani ba su lura ba. Kai ma ka rubuta a fili abin da kake saye, damar bugun farko ce ta wani lokaci ko kuwa mallaka gaba ɗaya, kuma mai zanen taswira shi ma da tasa yarjejeniyar. Masu jan wasa za su buƙaci su kwafi taswira da takardun da ake miƙa wa 'yan wasa, to ka rubuta a jikin shafin cewa an yarda a kwafa don amfanin tebur, kuma ka sa su a shafin da bayansa ba sirrin labari ba ne, na sha ganin an buga wasiƙar da za a miƙa wa 'yan wasa a shafi ɗaya da amsar ƙullin.

In kuwa ka zaɓi kafa naka tsarin, ka sani wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da zarar ka ce wa mutane jaruminsu zai ci gaba daga fitowa zuwa fitowa, ka ɗauki alkawarin fitar da labari a kan lokaci, da amsa tambayoyin doka, da yanke hukunci idan aka samu wanda ya ƙara wa kansa zinariya a takarda. Dragon da Dungeon da duk girmansu sun daina fitowa a takarda a 2007 lokacin da lasisin da Wizards suka ba Paizo na fitar da su ya ƙare, Dragon a fitowa ta 359, Dungeon a ta 150, don haka ka tsara abinka yadda ko mujallar ta tsaya labaran za su ci gaba da amfani. Ka fara da zango ɗaya gajere, labari huɗu, matakai 1 zuwa 4, dokokin tsarin kada su wuce shafi biyu, kuma kada ka sanar da komai sai labari biyu na farko sun kammala an gwada su, na uku yana hannun edita.